Abu Umair da Gwangwanin Daddawa

A unguwarmu ta Ƙurban, nan Madina, in ka ce kana neman Abdussamad, za a tambaye ka wanne, domin suna da yawa. In ka ce Abu Umair, za a yi jim ana tunani. Amma in ka ce mutumin nan da ya zubar da daddawa, har mai bakala, wato kantin bakin layi, wanda ko sannu bai iya da Hausa ba, zai nuna maka gidan da haɓarsa.

Abin ya faru ne a makon farko da ya yi taƙa'ud, wato ritaya daga aikin baladiyya, hukumar birni, inda ya ƙare ƙuruciyarsa yana duba-gari. Matarsa, Khala Ƙaltume, ta tafi Aziziya barkar haihuwa, ta bar shi shi kaɗai a gida, abin da bai taɓa faruwa ba, don da can ba ya gidan balle a bar shi. Ya sha shayi. Ya karanta jarida har tallan taya. Ya daidaita labulen majalisa, ya koma ya sake daidaita shi. Daga nan ƙafarsa ta ɗauke shi, ba tare da shawara da shi ba, ta ajiye shi a ƙofar kicin.

Can saman kanta, bayan buhun shinkafa, ya hango wani tsohon gwangwanin madara an ɗaure bakinsa da ƙyalle. Ya sauko da shi ya buɗe. Warin da ya fito ya sa ya ja da baya har ya bugi firij. A ciki ga wasu baƙaƙen abubuwa faifai-faifai, ba takarda, ba suna, ba tarikh, wato ranar da abu zai tashi daga aiki. Ya ɗauko safar hannu cikin waɗanda suka rage masa na ofis, ya zuba gwangwanin a leda, ya zuba ledar a wata ledar, ya wuce kwandon sharar ƙofar gidansa, ya kai shi babban na ƙarshen layi, don kada ƙudaje su san daga gidan wa ya fito. Ya dawo ya wanke kantar da ruwan zafi da sabulu. Sannan ya zauna yana jiran godiya.

Na san mai karatu a Kano ko Maraɗi zai ce ƙarya nake, ba yadda za a yi Bahaushe mai furfura bai san daddawa ba. To, a yi haƙuri a ji ko wane ne mutumin.

Kakansa ne ya taso daga ƙasar Haɗejia da ƙafa, ya yi shekaru a Sudan yana tsinkar auduga yana tara guzuri, ya sauke farali, ya zo ziyara Madina, ya ce daga nan kuma sai kabari. Mahaifinsa tela ne a Al-Sih, can aka haifi Abdussamad. A gidansu maza a majalisa suke cin abinci, hannu ne kawai yake fitowa ta bayan labule ya ajiye tire ya koma. Daga tiren mahaifiyarsa ya faɗa tiren matarsa, bai kwana a tsakani ba. Sunan daddawa ya sani kamar yadda mutum yake sanin sunan garin da bai taɓa zuwa ba. Yana jin mata suna cewa ta ƙare, ko an kawo daga gida. A zuciyarsa ya ɗauka wani gari ne mai ƙamshi, irin su kamun da kirfa, cikin kwalba mai murfi.

Aiki kuwa Allah ya ba shi hancinsa. Tun kafin ya kashe mota yakan gaya wa abokin aikinsa cewa firij ɗin gidan abincin nan ya mutu jiya. Ba ya karɓar ko kwalbar ruwa daga hannun kowa, ba ya ɗaga murya, ba ya dariya. Fuskarsa kullum kamar ta wanda ya shaƙi wani abu yana ƙoƙarin tuna inda ya taɓa shaƙarsa. A wurin biki dabino kawai yake ɗauka, shi ma sai ya tsaga ya leƙa ciki. Kofin gahawa kuwa sai ya ɗaga shi wajen fitila, mai zubawa yana tsaye da buta yana jira. Abinci ɗaya ya yarda da shi a duniya, na Khala Ƙaltume, kuma kicin ɗinta ne kaɗai a Madina bai taɓa sa ƙafa a ciki ba.

Ranar da abokan aiki suka yi masa walimar sallama ina wurin. Sun kama istiraha, wato gidan shaƙatawa, a bayan gari, aka yanka rago, aka jera manyan faranta na shinkafa. Shugabansu ya yi dogon jawabi, ya miƙa masa allon yabo mai ruwan zinariya, aka ce ya faɗi wani abu. Ya tashi, ya gyara shimaginsa, mayafin nan na kai, ya ce ya gode, Allah ya saka da alheri, kuma akwai kyankyasai a bayan injin wanke kwanuka na wurin nan, ya kamata wani ya biyo ranar Lahadi. Ya zauna. Waɗanda suka riga suka kai loma baki suka rasa yadda za su yi da ita.

Ɗansa Umair, wanda ya yi karatu a waje, ya ga alamar zaman gida zai yi wa tsohon wuya, sai ya ce bari ya shirya masa zuciya. Ya kunna masa wani fim na mutanen Norway, wai na ban dariya ne, a kan wani dattijo da ya bar aiki. Ni ma an kira ni, a matsayina na maƙwabci mai yawan dariya, ko zan ja shi. Ban samu inda zan yi ba. Dattijon fim ɗin yana zaune yana kallon ƙanƙara ta taga, ya tashi ya buɗe gwangwanin kifi, ya ci, ya koma taga. Wani ya zo, suka yi shiru tare, ya tafi. Umair yana ta ƙyaƙyatawa shi kaɗai. Da aka gama ya ce, "Ya Baba, esh ra'ayak? Yaya ka gani?"

Abu Umair ya ce, "Bai duba tarikh ɗin gwangwanin ba."

"Shi ke nan abin da ka gani?"

"Kuma da cokalin da ya ci ya shafa man shanu. Mutanen banza."

Washegarin wannan fim ne ya shiga kicin.

Abin da ya faru da Khala Ƙaltume ta dawo, 'yarsu Suhaila ce ta ba matata labari, matata ta ba ni, don haka in akwai ƙari ba nawa ba ne. Tun kafin ta cire abaya ta ji warin sabulu inda bai kamata ba. Ta shiga, ta fito.

"Abu Umair, wa ya shiga kicin ɗina?"

"Ni ne. Na samu mukhalafa."

"Ka samu me?"

"Karya doka. Wani abu ya ruɓe a gwangwani, can sama. Ba suna, ba tarikh. Allah ya rufa asiri ba a kai ga ci ba."

Ta tsaya tana kallonsa. "Ba a kai ga ci ba? Bawan Allah, tun ranar da aka kawo ni gidan nan me kake ci kana lashe yatsa?"

"Miya."

"Miyar da me?"

Bai san da me ba. Suhaila ta dafe kai ta ce, "Ya Baba, haram alaik, daddawar Gwaggo ce!"

A nan ne abin ya wuce wasa. Khala Ƙaltume tana da gwaggo a Tasawa, Fiddausi, wadda duk shekara take dafa kalwa da hannunta ta aiko mata ta hannun masu zuwa Umra. Bana da aka kawo, an haɗo da saƙon murya cewa hannu ya fara rawa, ido ya yi rauni, wannan ce ta ƙarshe, a ci da addu'a. Shi ya sa ta ɓoye ta can sama, tana ɓantarar kaɗan-kaɗan. Da abayarta a jiki ta nufi ƙarshen layi, amma motar shara ta riga ta wuce.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Washegari da azahar ta shimfiɗa masa leda, ta jera masa gwangwanin wake, gwangwanin kifi da burodi a cikin ledarsa, ta juya kowanne yadda tarikh ɗinsa zai kalle shi. Ta ajiye mabuɗin gwangwani a gefe ta ce, "Tafaddal, bismillah. Duk masu takarda ne." Da dare ma haka. Ita da Suhaila kuwa suna ɗaki suna cin abin da suke ci, ƙofa a rufe.

Wani mijin zai fita ya ci a waje har fushi ya huce. Shi ina zai je? Na ɗauke shi a mota wata la'asar na ce yau sai na ciyar da shi. Muka tsaya gidan shinkafar bukhari, ya ce mai wurin yana narkar da daskararrun kaji a bahon wanke tsumma. Na ce ai an canza mai wurin, ya ce ba a canza bahon ba. Muka je wajen mai gurasar tamis, ya ce ya taɓa ganin gumin mutumin yana ɗiga cikin ƙullu, kuma da ya yi masa magana sai ya ce gishiri ne. Wurin shawarma ko tsayawa bai bari na yi ba, ya rufe ido kawai ya ce in wuce, ba zai faɗa ba don ina da yara. Muka zagaye Ƙurban, muka dawo shi bai ci ba, ni kuma na rasa wurare uku da nake cin abinci da daɗin rai tun ina saurayi.

Na ce to mu je gidana. Matata ta tuƙa tuwo da miyar kuka. Ƙamshin yana shigowa majalisa na ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya wanke hannu, ya gutsura, ya kai rabin hanya, sai ya tsaya.

"Zubair, akwai abin nan a ciki?"

"Ammu, miya ce. Dole akwai."

"Yaya ake yin sa?"

Da na sani da na ce ban sani ba. Matata ta amsa daga bayan labule, da zuciya ɗaya: a dafa kalwa har ta yi laushi, a wanke, a zuba a ƙwarya, a rufe da ganye da tsumma a ajiye wuri mai ɗumi, a bar ta kwanaki har ta yi yauƙi ta fara wari, sannan a daka a shanya.

"A bar ta ta ruɓe," in ji shi.

"Ta nuna dai, Ammu."

"Da gangan?"

"Da gangan."

Ya mayar da lomar gefen kwano a hankali, kamar mai ajiye shaida. Ya daɗe yana kallon miyar, ita ma tana kallonsa. Ban taɓa ganin ƙyama da yunwa sun haɗu a fuska ɗaya haka ba. Ya ce astagfirullah, ya sha ruwa, ya tafi.

Kafin wani lokaci taubinsa, wato doguwar rigarsa, ya fara yi masa yawa. A masallacin Ƙuba mutane suna tambayarsa ko sukari ne. Amma ba ramar ce ta fi damunsa ba. Wata rana muna dawowa daga sallar asuba ya ce mini, yana kallon gabansa, "Ba ta ce mini komai. In na yi sallama ta amsa, shi ke nan. Da ina aiki ban san gidan yana da shiru haka ba." Ya yi taku kaɗan ya ƙara, "Na ce zan sayo mata maggi kwali guda. Ta tashi ta bar ɗakin."

Na ce, "Ammu, abin da ka zubar shi za ka mayar."

"A ina ake sayar da ƙazanta?"

Matata ce ta san wurin. Wata dattijuwa ce 'yar Damagaram, Uwa, tana zaune da iyalin ɗanta a Al-Sih, kuma duk abin da miya take so, in bai samu a ɗakinta ba to bai shigo ƙasar ba. Muka je da hantsi. Abu Umair ya sa takunkumi tun daga mota. Jikarta ta shigar da mu wani ɗan ɗaki, ga buhunan kuka, ga kuɓewa busasshiya, ga man shanu a gorunan ruwa, ga barkono a bokitin fenti. Na ga idonsa yana yawo daga wannan zuwa wancan, yatsunsa suna motsi suna neman biro.

Uwa tana zaune a kan darduma. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Cire abin nan in ga fuskarka."

Ya cire.

"La ilaha illallahu! Mai baladiyya! Kai ne ka kwashe mini tiren ƙuli-ƙuli a bakin Ƙuba, ka ce ƙuda ya sauka a kai."

"Ya sauka, Hajiya."

"Guda ɗaya!"

"Shi na gani."

Ta yi dariya har da tari. "To yau me za ka kwashe?"

Ya dube ni. Ni na ce daddawa muke so, na ba ta labarin a taƙaice, ina tsallake inda zan iya. Da na zo kan gwaggon Tasawa sai dariyar ta tsaya. Ta girgiza kai ta ce, "Kai, ɗan nan, ka yi ɓarna." Mutum mai jikoki ake ce wa ɗan nan, kuma ya sunkuyar da kai.

Ta sa aka jawo robobi uku aka buɗe. Ɗakin ya cika. Ni da na girma da abin sai da idona ya kawo ruwa. Abu Umair ya nuna ta kusa da shi daga nesa ya ce a zuba waccan, yalla, mu tafi.

"A'a," in ji Uwa. "Ba a sayen daddawa da yatsa. Kowace da hannun da ya yi ta. In ka kai mata wadda ba ta yi kama da tata ba, ka ƙara laifi. Ka ce ka buɗe gwangwanin, ai ka shaƙa. Durƙusa ka nemo ta."

Na ɗauka zai fita. Ya tsaya, ya dubi ƙofa, ya dubi robobin. Sannan ya tattare taubinsa ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya kai hanci ga ta farko, ya ɗago da sauri ya ce a'uzu billahi.

"Ta batso ce," in ji Uwa. "Wannan ba ta yara ba ce. Wuce."

Ta biyu ya daɗe a kanta, fuskarsa a yamutse. Ya ce wannan an sa mata toka da yawa kuma ba ta bushe ba aka tattara. Uwa ta ce surukarta ce ta yi, kuma ta faɗa mata. Ta uku ya shaƙa, ya kau da kai, ya sake shaƙa, ya rufe ido.

"Wannan ce. Irin wannan masifar ce."

"Daga Tasawa aka kawo ta," in ji Uwa. "Ashe hancin yana da amfani ban da cutar bayin Allah."

Ta ƙulla masa a leda. Ya nemi leda ta biyu, ta ce babu, ya riƙe haka. Ya ɗauka da yatsa biyu, hannu a miƙe, ya sa a but, muka taho tagogi a buɗe cikin zafin Madina, yana ta tofar da yawu ta gefensa.

Ban shiga gidan ba, don haka nan ma ta bakin Suhaila ne. Ya ajiye ledar a bakin ƙofar kicin, bai tsallaka ba, ya yi gyaran murya. Khala Ƙaltume ta fito ta ɗauka, ta ɓantara, ta shaƙa.

"Ba ta Gwaggo ba ce."

"Na sani."

"Wa ya zaɓo?"

"Ni."

"Da me?"

Ya nuna hancinsa. Ta dube shi, ta dubi gwiwoyin taubinsa da suka yi baƙi da ƙurar ɗakin Uwa. Ta ce ta Gwaggo ba za ta dawo ba, wannan ya sani, kuma ranar Juma'a zai kira tsohuwar da bakinsa ya gaya mata abin da ya yi. Ya ce to. Ta nuna dokin ƙofa ta ce daga nan zuwa ciki ba baladiyya, har abada. Ya ce to. Ta shiga ta ɗora tukunya.

Suhaila ta ce ya ci tuwon nan fuskarsa a murtuke kamar mai shan magani, ya miƙa kwano aka ƙara. Gwaggo Fiddausi kuwa, da ya kira ta, ta sa ya maimaita labarin don ba ta ji sosai, sannan ta sa ya sake maimaitawa don maƙwabta su ji.

Yanzu shi ne mai zuwa Al-Sih duk lokacin da ta ƙare, kuma matan layinmu sun fara ba shi saƙo, don sun ce ba a taɓa kawo musu mai kyau irin tasa ba. Yana karɓa, ya sa takunkuminsa ya tafi. Jikinsa ya dawo. Har yanzu ba ya cin abincin biki.

Kwanan baya muna zaune a dakalin ƙofar gidana bayan la'asar, sai ga shi ya dawo da leda a yatsa biyu. Abdulmajid, wanda suka yi aiki tare, ya ɗaga murya ya ce, "Ya Abu Umair, tsaya mana! Mene ne wannan a hannunka? Ina takardarsa? Ka duba tarikh?"

Aka fashe da dariya. Ya tsaya, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya da fuskar nan tasa, har dariyar ta lafa.

"Ƙazanta ce," in ji shi. "Ban canza ra'ayi ba. In da ina aiki, da na rufe ɗakin matar nan yau ɗin nan. Amma na yi taƙa'ud. Ku matsa in wuce, ana jira na da tukunya a wuta."